Kashedi ga Masu Rubuta Labarin Aure

Yawancin masu karanta littattafanku ba su yi aure ba tukuna. 'Yan mata ne a makarantar kwana da tocila ƙarƙashin bargo, ko a tsakar gida da wayar yayarsu bayan isha'i, ko suna tankaɗen gari rediyo na karanto musu. Kafin gwaggo ta zaunar da amarya ta yi mata faɗan aure ranar kai ta ɗakinta, littafi ya riga ta da shekaru. Abin da kuka gaya mata game da miji da kishiya da uwar miji da kuɗin cefane, da shi za ta tare. Samari ma suna karantawa, ba sa so a gani ne kawai.

Tun 1980, da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, zancen aure ya mamaye ƙagaggen labarin Hausa, mata kuma suka karɓe alƙalamin. An kushe wannan rubutu, an kira shi adabin kasuwar Kano, wasu malaman jami'a sun kare shi a jaridu. A wancan lokaci sai littafi ya bi ta hannun mai buga rubutu da maɗaba'a da ɗan kasuwa kafin ya isa ga mai karatu. Yanzu da dare kuke rubuta shafi a waya, kafin asuba ya zaga WhatsApp. Babu edita, babu mai cewa ku dakata. To ga abin da editan zai faɗa da yana nan. Ku karanta, ku yi aiki da shi.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku san hukuncin aure da saki kafin ku sa shi a bakin malamin labari. Yarinya ba ta bambanta fatawar littafi da ta zaure, duka ɗauka take yi. Na sha karanta labarin da miji ya miƙa takardar saki ɗaya, matar ta kwashe kayanta a daren, kowa a littafin ya ga daidai ne, har liman. A shari'a wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu a ɗakinta take idda, cinta da shanta na wuyan mijin, kuma yana iya mai da ita kafin iddar ta cika ba da sabon sadaki ba. In ta cika, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. Bayan saki uku babu kome sai ta yi wani aure na gaskiya, auren kisan wuta kuwa haramun ne komai yadda marubuci ya ƙawata shi. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, mai ciki kuma sai ta sauka. Matar mamaci tumuni take samu in ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma kishiyoyi wannan kaso ɗayan suke rabawa. Duk wannan yana cikin Risala. In karatunku bai kai can ba, ku sa takalmi ku je wurin wanda nasa ya kai.

2. Ku raba abin da addini ya wajabta da abin da al'ada ta ɗora. Sadaki wajibi ne, kuma na amarya ne ita kaɗai. Lefe, kayan na-gani-ina-so, gara, kamu, liyafar otal, gado da kujerun da uban yarinya ke cin bashi ya saya, duk al'ada ce. Ku rubuta su, don haka ake yi, amma ku bar mai karatu ya ga wa ya biya, da abin da ya sayar kafin ya biya.

3. Ku nuna inda kowace naira take fitowa. Gidan da ake cin kaji kullum ba a ga mai nema ba, gidan ƙarya ne. Ku duba yadda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara. Marubuciyar ba ta tsaya kan kukan Rabi ba. Ta bi ta har inda ta koma, ta nuna ta tana dafa abincin sayarwa, tana fafutukar ciyar da yara da riƙe karatunsu. Shi ya sa da dukiyar Alhaji ta ƙone, Delu ta yi gaba, aka zo ana matsa wa Rabi ta karɓe shi, mai karatu ya san nauyin abin da ake nema a wurinta, domin ya ga guminta da idonsa. Littafin nan har Turanci ya shiga, wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal a 2012, kuma ba motoci ko gwala-gwalai suka kai shi can ba.

4. Ku rubuta sana'ar matar kulle. Wanda ya ce matar da ba ta fita ba ta nema, bai taɓa wuce zaure ba. A bayan katanga ake ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ake ɗinkin hula da kitso da lalle, ake ƙullin gishiri da omo, ake kiwon ragon da za a sayar da babbar salla. Adashi na zagayawa, biki na zagayawa, daga nan kwanukan 'ya mace ke taruwa tun tana goye. Dukiyar nan tata ce, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Amma ku faɗi tsadar abin kuma: yarinyar da ke ɗauke da farantin talla da ƙarfe takwas na safe, kujerarta ce a aji babu kowa.

5. Ku lissafa aikin gida cikin aiki. Ku tashi jarumarku da asuba ku bi ta. Ta hura ɗanyen itace har idonta ya yi ja, ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta wanke wa na goye kashi, ta taje wa 'yar makaranta kai tana neman ɗayan takalminta ƙarƙashin gado, ta leƙa ko mai ruwa ya zo, ta jiƙa wanki, sannan ta fara tunanin abin da kuɗin da aka bari zai iya saya na rana da na dare. Da yamma maigida ya dawo ya tambaye ta me take yi tun safe. Littafin da amarya ba ta da aiki sai wanka da turaren wuta da canza kaya sau uku, yana tura yarinya gidan miji ba shiri.

6. Ku ba namiji nasa nauyin. Ci da sha da sutura da muhalli duk a kansa suke, kuma ba wasa ba ne. Ku nuna shi ranar ashirin ga wata, albashi ya ƙare, mai gidan haya ya aiko, matarsa ta shiga watanta, ga ragon suna, ga mahaifiyarsa da ƙannensa a ƙauye suna zuba ido. Ku nuna mai A Daidaita Sahu da ke ajiye kuɗin cefane a kan taga kafin ya fita. Ku nuna wanda ke saɓa ɗansa a kafaɗa ko ya dafa wa yara taliya ranar da uwarsu ke kwance, ba tare da kun bar abokansa sun ci shi da sunan mijin-ta-ce ba. Irin waɗannan maza suna nan da yawa, littattafanku ne ba su da labarinsu.

7. Ku ba kishiya zuciya da dalili. Amaryar da kuka mayar shaiɗaniya 'yar wasu ce, ita ma alkawari aka yi mata kafin a kawo ta. Ku san rabon kwana: bakwai ga budurwa, uku ga bazawara, daga nan a koma daidai. Yawancin rigimar gidan mata biyu daga hannun maigida take tashi, ranar da ya shigo da leda ɗaya ya wuce ɗakin mowa, bora na kallo ta labule. Ku nuna ledar.

8. In kun taɓa auren dole, ku bi shi har inda yake kaiwa. Tun shekarun 1930 Jiki Magayi ya nuna yadda dukiya ta raba Abubakar da Zainab aka ba Malam Shehu ita, masifar ta sauka kan Kyauta, ɗan da ta haifa masa. A littafin Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, saurayinta ya ƙi ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an ubanta, sai da ta gudu kafin ta zama mutum. A waje da littafi abin ya fi haka ɗaci. Ku je Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ku ga yaran da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, da yawansu kuma miji ya sallame su. A 2014 a jihar Kano an gurfanar da amarya 'yar shekara 14 bisa zargin sa wa angonta guba a abinci, mutane suka mutu. Wanda ya san wannan ba zai rubuta yarinya tana kuka daren farko, bayan sati biyu ta mutu a son tsohon ba.

9. Ku tuna da 'ya'ya in aure ya mutu. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuma tana kan uba. Al'ada ce ke fizge yaro daga bayan uwa da zarar an yaye shi. Agola da ɗan da aka bari hannun matar uba suna da labari, kada su zama kayan ado a shafi.

10. Ku saurari yadda mutane ke kiran juna. Matar gargajiya ba ta kama sunan mijinta, Malam ne ko Alhaji ko maigida. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Suruki ba ya sakin jiki ya ci abinci gaban surukinsa. In kun sa 'yar ƙauyen 1975 tana kiran miji da sunan soyayyar waya, kun nuna ba ku san gidan da kuke rubutawa ba.

11. Ku karanta waɗanda suka riga ku. Wanda bai san abin da aka rubuta ba, maimaita shi yake yi, kuma ba ya kai na farkon kyau.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku mai da mugunta soyayya. Wannan ne mafi muni cikin abin da ke yawo yanzu. Attajiri mai girman kai ya mari yarinya, ya kulle ta, ya keta mata haddi, can gaba ya gano ashe sonta yake yi, ita kuma ta narke. Yarinyar da ta haddace wannan za ta ɗauki marin farko alamar kishi, ta zauna jiran shafin da zai canza. A gidan gaskiya marin farko na biyu yake jawowa. In za ku rubuta fyaɗe, ku rubuta shi laifi, da asibiti da 'yan sanda da kotu. Kada ya ƙare da ɗaurin aure da wanda ya aikata, dangi na ta guɗa.

2. Kada kowane ango ya zama ɗan shekara talatin mai kamfani uku da gida a Dubai. Malamin firamare zai zo da gaskiyarsa, yarinya ta kore shi tana jiran na littafi.

3. Kada ku sa haƙuri ya biya kowane bashi. Haƙuri gaskiya ne, babu auren da ke tsayawa babu shi, daga ɓangaren mata da na maza. Abin da na hana shi ne wannan ƙaryar: mace ta sha duka da yunwa shekara ashirin ba ta ce uffan ba, ƙarshen littafi kishiya ta haukace, miji ya zo da gwiwoyinsa, ɗanta ya zama gwamna. Matan da suka yi irin wannan shirun, da yawa hawan jini suka samu, ba gwamna ba. Akwai waliyyi, akwai dattawan dangi, akwai alƙali, akwai hul'i ga wadda zama ya gagare ta. Ku nuna wa mai karatu waɗannan ƙofofi. Wata a ɗakinta ba ta san da su ba.

4. Kada asiri ya wanke miji. Ya wulaƙanta uwargida shekara goma, sai a tono laya a bakin ƙofa, a ce ba ya cikin hayyacinsa, shi ke nan ba shi da laifi. Da wannan kuna koya wa maza inda za su ɓuya, kuna koya wa mata hanyar gidan boka.

5. Kada mace mai aiki ta zama marar tarbiyya, kada matar gida ta zama baƙauya. Kashi biyu kuka rabu a nan, kuma duka kun ɓata. Wasunku da zarar mace ta rataya jaka ta nufi ofis, sun shirya mata shugaban da zai lalata ta da 'yar aikin da za ta ƙwace mata miji. Wasunku kuma ba sa ganin mace ta kai mutum sai ta riƙe sitiyari, wadda ke gida kuwa kullum da ɗaurin ƙirji da warin daddawa. Wa zai karɓi haihuwar matanmu in ba a bar mata sun zama likitoci da ungozomomin asibiti ba? Wa zai koyar a makarantun 'yan mata? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana gidan mijinta Waziri Giɗaɗo ta tsara 'Yan Taru, matan da ake kira jaji suna kai karatu ƙauyuka. Hajiya Bilkisu Funtuwa ta cika littattafanta da mata masu boko da addini a haɗe, kuma ba a daina sayen su ba. Ku nuna ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ta dawo ta tarar da wanke-wanke na jiran ta, ku bar miji da mata su zauna su sasanta wa zai yi me. A nan labarin yake.

6. Kada ku mai da bazawara abin dariya ko abin tsoro. Kusan kowane gida akwai ta, wataƙila ita ce ta saya wa mai karatunku littafin.

7. Kada ku ɗora wa mace laifin rashin haihuwa tun likita bai duba mijin ba. Haka kuma kada uwar miji ta tsine wa mai haihuwar 'ya'ya mata littafin ya yi shiru. Namiji ko mace, daga ɓangaren uba abin yake tafiya, duk ɗan sakandaren da ya yi kimiyya ya sani. Mata nawa aka yi wa kishiya, nawa aka saka, a kan abin da ba nasu ba?

8. Kada kyau ya tsaya ga fara mai dogon hanci da gashi har gadon baya, wadda kakarta Balarabiya ce. Baƙar yarinya na karantawa, gobe ta tafi kasuwa neman man bilicin, fatarta ta ƙone.

9. Kada jaruma ta sha guba ko ta faɗa rijiya iyaye su saduda su ba ta wanda take so. A littafi ana ceto ta a kan lokaci. A unguwa gawa ake ɗauka.

10. Kada ku kwaso fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ku canza sunaye ku ce Kano ce. Gidansu daban, dokar aurensu daban. A Indiya iyayen amarya ne aka sani da kai dukiya gidan ango, shi ya sa rigimar surukai a labarinsu take da wancan fasali. In kun dasa ta a Fagge ba za ta zauna ba, kuma mai karatu ya ga fim ɗin kafin ku.

11. Kada duk uwar miji ta zama muguwa, duk ƙanwar miji ta zama munafuka. Amarya za ta shiga gida da damara tun ba a ce mata komai ba, kuma ita ma wata rana uwar miji ce.

12. Kada ku buɗe ƙofar ɗakin kwana. Na san abin da ake cewa, wai shi ke kawo masu biya. Ku ji abin da ya taɓa jawowa. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta. Shekara na zagayowa Hukumar Tace Fina-finai ta ce marubuta su zo su yi rajista, ƙungiyar marubuta ta ANA ta yi ta fama. Ban goyi bayan ƙona littafi ba, kuma wutar ba ta tsaya ta tantance mai kyau da marar kyau ba. Amma masu ashana ba su rasa shafin da za su ɗaga wa iyaye ba, kuma marubuta ne suka ba su shi. Mata sun sha wuya kafin a yarda mace ta sa sunanta a bangon littafi, har aka kai ga BBC Hausa ta buɗe musu gasar Hikayata a 2016. Kada ku mai da su baya saboda kuɗin kati. Ana iya rubuta matsalar shimfiɗa, don tana kashe aure, a rubuta ta yadda uwa za ta karanta 'yarta na zaune. Wanda ya kasa haka, Hausarsa ce ba ta nuna ba.

13. Kada ku kwashe sirrin gidan maƙwabta ko na 'yar'uwa ku canza harafi ɗaya a suna. Unguwa za ta gane kafin a kai babi na uku. Ke 'yata, wadda aminiyarki ta zauna a bakin gadonki ta gaya miki abin da ke tsakaninta da mijinta, ba jigo ta kawo miki ba. Kai kuma ɗana, matar da ka saka uwar 'ya'yanka ce, kuma yaran za su iya karatu nan da 'yan shekaru. In labarin gaskiya ya tsaya muku a rai, ku canza gari da sana'a da yawan 'ya'ya da zamani, ku haɗa shi da na wasu gidaje uku, sannan ku ba wani dattijon da ya san mutanen ya karanta. In ya ɗago kai ya kama suna, ku yaga ku sake.